Gaisuwa Daga Saman Zalɓe

A shekarun da noman shinkafar rani ya bunƙasa a fadamar Rima, na riga na yi ritaya daga sashen taraktoci na ma'aikatar gona, ina zaune a gidana da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi. Aikin da ya rage mini shi ne jarraba direbobin injinan gona a wata cibiyar horarwa, in sa hannu a takardar shaidar wanda ya cancanta, in hana wanda bai cancanta ba. Waɗanda na hana sun fi yawa, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba.

Wani attajiri na unguwar Nasarawa, wanda zan kira Alhaji kawai, yana da babbar gona a fadamar Ambursa da kuma sito a Argungu. A wurinsa na fara ganin injin ɗaga kaya mai dogon hannu yana aikin gona. Tayoyinsa huɗu manya ne kamar na tarakta. Ɗakin direba yana gefen hagu, a dama kuma hannun ƙarfe ne kwance, wanda yake tashi sama kuma ya miƙe ya ƙara tsawo, a bakinsa da yatsun ƙarfe biyu. Ana jera buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, a kan faffaɗan katako, yatsun su shiga ƙarƙashi, su ɗaga su ɗora bisa tirela. Leburori suka raɗa masa suna Zalɓe, saboda dogon wuya da tsayuwa a bakin fadama.

Wanda aka damƙa wa makullinsa mutumin Ambursa ne, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda ya daɗe yana tuƙa tarakta. Babu wanda ya koya masa wannan injin. An dai ce masa ai tuƙi duk tuƙi ne.

Wata rana da hantsi Alhaji ya ɗauke ni a motarsa don in duba masa injinan ban-ruwa da suka yi ta mutuwa. Bazara ce, an gama yanka, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa yana gaggawar kwashe amfaninsa kafin ruwa ya sauka hanyar fadama ta caɓe. Masussukar tana kan ɗan tudu, ta gangara kaɗan zuwa inda tirela take tsaye. Muna isowa na hangi Zalɓe ya ɗaga katako shaƙe da buhuna, hannunsa a sama. Wani lebura, ƙaƙƙarfan mutum, yana tsaye a jikin tirelar yana warware igiya, ya ba injin baya.

Alhaji ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa a ƙasa. Direban ya gan shi. Abin da ya yi shi ne abin da duk mai tarbiyya zai yi a ƙasarmu, domin ba a zama a sama babba yana tsaye a ƙasa. Wuf ya diro, ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, barka da isowa. An zo lahiya?"

Bai ja birkin hannu ba, bai fitar da giya ba, injin yana ta ruri a bayansa.

Na ga tayar gaba ta motsa. Na kurma ihu, amma ƙarar injin ta haɗiye muryata. Zalɓe ya gangara a hankali, kamar saniya mai neman ruwa, ya matse leburan da ƙarfen tirela daga cinya zuwa ƙasa. Na ji ƙarar ƙashi, ƙaras, sa'an nan wata a bayanta. Mutumin bai fara da kuka ba. Bakinsa ya buɗe, idanunsa suka firfito, yana dukan tayar da tafin hannu kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Girgizar ta sa katakon ya karkace, buhuna suka zubo daga sama, ɗaya ya fashe a kafaɗarsa, shanshera ta yi ta kwarara a kansa tana cakuɗewa da jinin da ke bin ƙafafunsa.

Direban ya ruga ya haye, ya ja injin baya da ƙarfi. Leburan ya zube. Ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ƙashin ya huda wando ya fito fari fat. A lokacin ne ya yi ƙara, irin wadda ban ji ba ko a mahauta.

Leburorin ba su jira komai ba. Suka jawo direban daga kujera ta ƙafa, kansa ya bugi matakalar ƙarfe, suka rufe shi da sandunan bugun shinkafa. Wani ya sa masa gindin lauje a muƙamuƙi. Na ga haƙora sun faɗi cikin ƙaiƙayi. Suna duka suna zagi, shi kuwa ya dunƙule, abin da yake ta faɗa kawai shi ne, "Gaisuwa niy yi, gaisuwa niy yi." Ƙanen wanda aka matse ya ɗauko dutsen da ake tare tayar tirela da shi, ya ɗaga da hannu biyu. Da Alhaji bai faɗa kan direban ya lulluɓe shi da babbar rigarsa ba, da a wurin an gama. Shi ma Alhajin sai da sanda ta same shi a gadon baya kafin hankalin mutane ya dawo.

A bayan a-kori-kura ɗaya muka kwantar da su, kafaɗa da kafaɗa, muka nufi asibiti a Birnin Kebbi. Na ɗaure cinyar leburan da rawanin wani, na murɗa da sanda, na riƙe har muka isa. An yanke masa ƙafar dama. Ta hagun ta tsira, amma ba ta sake ɗaukar buhu ba. Direban kuwa muƙamuƙi ya karye, haƙarƙari ya tsage, kunne ɗaya ya yage.

A barandar asibitin Alhaji ya dube ni, rigarsa jina-jina.

"Malam, mi za a yi? In sai da abin ga in huta?"

Na ce, "Wanda za ka sayar wa, shi ma yana da leburori. Injin bai yi laifi ba. Ka ba mutum abin da ba a koya masa ba, sa'an nan ka zo ka tsaya a gabansa da babbar riga. In kana so ya ci gaba da aiki, kada kowa ya sake hawa sai wanda aka horar, aka jarraba, aka ba takardar shaida. Kuma kai da bakinka za ka gaya musu ka yafe gaisuwar durƙuso ga duk wanda ke kan kujera."

Bai ji daɗin maganar ba, amma ya yarda.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa ban ɗauki direban nan a matsayin wawa ba, ko da yake kowa haka ya ɗauke shi. Mahaifina magatakardan kotu ne, aka tura shi aiki kudancin lardi, cikin duwatsu, inda babu makarantar boko sai ta mishan. A can na yi karatu. In malami ya shigo aji, miƙewa ake yi tsaye, a cire hula, a dube shi ido cikin ido. In na durƙusa masa, rula ce a bayan yatsu har su kumbura. In na koma gida na miƙe wa baƙon mahaifina ina kallon idonsa, dorina ce. Na sha duka a wuraren biyu kafin in gane cewa kowane wuri da irin ladabin da yake nema, kuma sauya wanda jiki ya saba da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙafafun direban nan sun diro tun kafin kansa ya yi shawara. Irin wannan ba a cire shi da nasiha.

Bayan damina ta yi nisa na fara horar da mutanen da Alhaji ya zaɓo, a filin sitonsa na Argungu. Ana cikin haka wata safiya direban ya zo gidana. Da ƙyar na gane shi. Fuskarsa ta karkace, magana tana fita ta gefen baki.

"Malam, so nike ka sa ni cikin masu koyo."

Na ce, "Kai da ka kusa kashe mutum?"

"Ni na. Shi ya yahe mini, na tai har ɗakinai na roƙe shi. Amma ba mai ba ni ko tarakta yanzu. Yara na kirana mai gaida mutuwa. Ban iya komi ba in ba tuƙi ba, Malam. In ban samu takardar ga ba, na ƙare."

Na tambaye shi ko mutanen gidansu sun sani. Ya sunkuyar da kai. Ashe wan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, wanda kuma a gidansa yake zaune da iyalinsa, a gonarsa yake noma, ya rantse cewa ranar da ya sake hawa wannan injin, ranar zai raba shi da gida da gona. Tsohon ne ya yi ta zirga-zirgar ba da haƙuri a gidan leburan, shi ya sha kunyar, kuma a ganinsa injin ne ya shigo da masifa cikin zuriyarsu.

Na karɓe shi bisa sharaɗi. Na ce, "Ba na koyar da mutum a ɓoye. Kafin ranar jarrabawa za ka gaya wa babanka gaskiya."

Koyarwata ba ta da daɗi, kuma ban yi nufin ta yi daɗi ba. Nakan sa kowannensu ya ɗauki bokitin ruwa a jikin ƙirjinsa, sa'an nan ya miƙa hannu da shi, ya riƙe har kafaɗa ta fara rawa, domin ya ji a jikinsa cewa nauyin da injin zai ɗauka a kusa, in hannun ya miƙe zai kifar da shi ta goshi. Sun koyi karanta allon nauyi da ke manne kusa da sitiyari. Sun koyi duba taya da mai da tiyo kowace safiya, da tafiya kaya yana ƙasa-ƙasa, da taka ƙasar fadama da ƙafa kafin a taka ta da taya. Na nuna musu cewa hannun ƙarfen yana rufe musu gani ta dama, har jaki da kayansa zai tsaya a wurin ba su gan shi ba. Wani da na kama ya ɗauki abokinsa a kan yatsun yana ɗagawa suna dariya, a take na kore shi, kuma duk wanda ya zo roƙo na kore shi shi ma.

Amma abin da na fi tsanantawa a kai shi ne sauka. Na sa suna rerawa kamar yadda muka rera lissafi a aji: kaya ƙasa, hannu ya dawo, giya ta fita, birki, a kashe, makulli a aljihu, sa'an nan ƙafa. Wanda ya tsallake ɗaya ya koma farko.

A aikin hannu direban ya fi su duka. Yakan ajiye katako kamar mai ajiye ƙwai. Amma da zarar na doso injin na yi sallama, sai in ga hannunsa ya saki sandar sarrafa injin ya nufi ƙofa. Ina da wata tsumagiya da nake nuna abubuwa da ita. Ranar farko na zuba masa ita a bayan hannu har wurin ya tashi.

Ya ce, "Malam, sallama hwa kay yi!"

Na ce, "Ka amsa da baki. Amsawa ce wajibi. Wa ya ce maka da ƙafa ake amsa sallama?"

Sauran suka yi dariya. Ɗaya ya ce, "Malam, in surukinai na hwa?"

"Ko Sarkin gari ne. Wanda yake son ya gan ka a durƙushe, ya jira ka kashe injin."

Na yi ta jarraba shi ba tare da sanarwa ba. In turo masa maigadin sito, wanda dattijo ne. In turo masa Alhaji da kansa. In zo in tsaya in kira shi da tsawa kamar wani abu ya faru. Bayan hannunsa ya sha tsumagiya har fatar ta yi duhu. A hankali hannun ya daina zuwa ƙofa, ko da yake nakan ga gumi yana tsattsafo masa, kamar wanda ake tilasta wa zagin mahaifi.

Ana gobe jarrabawa na tambaye shi ko ya cika sharaɗina. Ya ce ya gaya wa tsohon bayan sallar asuba, tsohon kuwa tashi kawai ya yi ya shige turaka.

Ranar jarrabawar na sa aka kewaye filin aiki da igiya, kowa ya tsaya a bayanta. Aikin da na ba direban shi ne ya ɗauki katako cike da buhuna ya ɗora a can saman tsibin buhunan da ke jikin bangon sito. Ya zagaya injin ya duba komai yadda ya kamata. Ya hau, ya ɗaura bel, ya danna oda, ya ɗauki kayan, ya taho a hankali. Ya tsaya gaban tsibin, ya ɗaga hannun, ya fara miƙa shi. Kayan suna sama, sun fi tsayin mutum biyu, sai na ji babur ɗin kabu-kabu ya tsaya a bakin ƙofa.

Wanda ya sauka dogon tsoho ne siriri, wan mahaifin direban, da farin gemu da gora a hannu. Maigadi ya yi masa magana, bai ko dube shi ba. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar, ya taka har tsakanin tayoyin gaba da tsibin, daidai ƙarƙashin kayan, ya dogara gorarsa.

"Sabko."

Direban ya tsayar da komai cak. Ya danna oda, ya leƙo ta taga.

"Baba, kauce! Don Allah kauce daga nan!"

 Na tabbata tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga murya ga tsohon nan ba.

"Ni kaka yi ma tsawa? Ni? Kana bisa ina ƙasa? Sabko nan, ɗan banza, tun ban tsine maka ba!"

"Baba, ban iya sabkowa kaya na sama. Ka matsa in aje, wallahi in zo."

"Ba ni matsawa. Ka sako mini shi, ka cika aikinka. Ka gurgunta ɗan mutane, yau ka kashe wanda yar rene ka, a san ka ƙware."

Direban ba shi da hanya. Ba zai iya saukar da kayan ba, tsohon yana wurin. Ba zai iya ƙarasa ɗorawa ba, domin ko buhu ɗaya ya zame, wuyan tsohon zai karya. In kuma ya sauko, ya bar kaya a rataye a kan mutum babu kowa a kujera, kuma ya san ba zan sa masa hannu ba har abada. Na ga hannunsa na hagu ya tashi ya nufi ƙofa, ya tsaya a iska, ya koma kan sitiyari.

Na dubi leburorin da ke bayan igiya, ƙarti majiya ƙarfi, kowa ya sunkuyar da kai. Babu yaron da zai sa hannu a jikin dattijo mai furfura, ko da rufin ɗaki ne zai faɗo masa. Sa'ansa ne kaɗai zai iya, kuma a filin nan ni kaɗai ne sa'ansa. Na miƙa hannuwana biyu gefe da gefe, alamar da na koya musu ta kada a motsa komai, na tsallake igiyar.

Na ce, "Malam, fito mu yi magana a inuwa. Nan wurin mutuwa ne."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai na ɗan mishan ɗin da ka koya ma ɗiyan mutane raina iyaye?"

"Ni ne. Fito ka zage ni a waje, ina da lokaci."

"Tsohon banza. Ka yi hurhura ba ka yi hankali ba."

Na kama hannun rigarsa na ja. Ban ga tashin gorar ba. Ta sauka a damtsena na hagu, na ji wani abu ya ɓalle a ciki, hannun ya saki. Ta biyun ta same ni a gira, tabarau ya tarwatse, jini ya rufe mini ido ɗaya. Na san in na ja da baya zai koma inda yake, saboda haka na faɗa jikinsa, na cusa hannun dama a wuyan rigarsa, na jefa nauyina baya. Muka faɗi tare. Na yi ta ja da baya a zaune, ina tura ƙasa da dugadugai, ina jan sa kamar buhu, shi kuma yana naushina a baki da haƙarƙari, yana yaƙushin fuskata, har na ji igiyar ta goge mini ƙeya muka wuce ta. Nan ya haye ruwan cikina ya shaƙe ni. Yatsunsa kamar saiwar bagaruwa suke. Numfashi ya yanke mini, kunnuwana suka ɗauki ƙara.

Daga can sama nake jin muryar direban, ta koma kamar ta mace don kuka.

"Ku raba su! Don girman Allah ku raba su! Zai kashe shi!"

Da idon da ya rage mini ina hangen kayan a bisa kafaɗar tsohon. Suka ja baya daga tsibin, suka fara saukowa sannu a hankali, babu gaggawa, babu girgiza, har katakon ya zauna a ƙasa. Hannun ya dawo. Ƙarar injin ta mutu. A daidai nan ne maigadi da wasu suka yi ta maza suka ɓamɓare tsohon daga wuyana.

Direban ya sauko, ya tuɓe takalma, ya zo ya durƙusa a gaban wan mahaifinsa, ya sa kai ƙasa. Tsohon ya fizge daga hannun masu riƙe shi, ya ɗauki gorar, ya shiga zuba masa. A baya, a kafaɗa, a ƙeya. Gorar ta tsage, ya ci gaba da tsagin. Ɗaya ta same shi a muƙamuƙin da aka ɗora, jini ya ɓalle ta baki da hanci. Bai kare ba, bai ɗaga hannu ba. Sai da numfashin tsohon ya ƙare don kansa ya yar da guntun gorar.

"Ka zaɓa. Kak ka kwana gidana. Gonata kuma, ko ɓeran da ka ciki ya hi ka rabo da ita."

Ya juya, rawaninsa yana jan ƙasa, ya fita.

Aka zaunar da ni a kan buhu, wani yana danna mini tsumma a gira. Direban ya matso da guiwa. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, yana magana jini yana bin haɓarsa.

"Malam, in hau in ƙarasa?"

Na ce, "Ɗaga kanka ka dube ni." Ya ɗaga, kan yana rawa. "Ba ka hawa yau. Mai ido ɗaya da jiri ba ya tuƙa mini inji."

"Malam, ai ka gani. Ban sabko ba."

"Na gani. Amma abin da na ce ka yi shi ne ka ɗora kaya a saman tsibi, ga su nan a ƙasa. Ba na sa hannu a kan rabin aiki."

Leburorin suka fara gunaguni. Wani ya ce, "Haba Baba, ka ji tsoron Allah, mutum ya rasa gida saboda kai." Alhaji ma, da aka kira shi ya iso, ya ja ni gefe ya ce in duba. Na ce masa takardar ba tukwici ba ce. Abin da take faɗa shi ne na ga mutum ya yi aiki daga farko har ƙarshe, kuma ban gani ba tukuna.

Direban ya ce, "Ban da wurin kwana, Malam."

Na ce, "Na ji. In idon ya buɗe ka dawo."

Da la'asar ya tafi Ambursa ya tarar an fitar da kayan matarsa ƙofar gida, ita da yaran suna zaune a kai. Maigadin sito ne ya ba su rumfar da yake ajiye buhunan wofi, a nan suka zauna. Ni kuwa aka kai ni asibiti aka ɗinke girar, aka ɗaure damtsen, wanda ya tsage bai rabu biyu ba. Wasu sun ce in kai tsohon ƙara. Ban kai ba. Ni na fara kama rigarsa.

Da kumburin idon ya saɓe direban ya aiko mini. Na tafi Argungu hannuna a rataye a wuya. Na sa shi ya karanta mini allon nauyi da kowane ido shi kaɗai, ya karanta. Na sa aka sake kewaye filin, ya fara tun daga duba taya, kamar ba a taɓa yin komai ba. Ya ɗauki kayan, ya ɗaga, ya miƙa, ya ɗora su a saman tsibin. Na sa aka jingina tsani, na hau da hannu ɗaya, leburori suna salati a ƙasa, na duba bakin katakon. Ya zauna daidai da na ƙarƙashinsa, ko ɗan yatsa bai fita ba. Na sauko na sa hannu.

Alhaji ya mayar masa da makullin, amma a Argungu kawai, domin 'yan'uwan leburan suna nan a Ambursa kuma ba su huce ba. Ya kama hayar ɗaki a bayan kasuwa ya kwashe iyalinsa daga rumfar. Tsohon bai janye rantsuwarsa ba. Gonar ya ba wani ɗan ƙanwarsa, kuma in direban ya je gaishe shi ranar Sallah, daga zaure ake ce masa yana barci.